Katangar Tare Ƙasa: Nasiha ga Ɗana Injiniya

 Ɗana, zanen da ka turo mini ta waya ya iso. Ƙanenka ne ya buɗe mini shi a kwamfuta, don idona ya daina jituwa da ƙananan lambobi. Na zauna a kansa tun bayan la'asar har aka kira magariba. Hannunka da tsabta, lissafinka kuma ban ga inda ya karkace ba, Allah ya ƙara basira. Ka ce maigidanka ya dawo maka da shi wai kuɗin ya yi yawa, su kuma masu ba da kuɗin aikin suna son a rubuta musu yawan iskar kabon da ginin zai jawo, kana tambayata ta ina za ka rage ba tare da ka jefa bayin Allah cikin haɗari ba. Tambayar ta fi zanen faranta mini rai.

Katanga ce mai tsayin mita 3 da tsawon mita 100, za ta tare ƙasar gangare a bayan gidajen mutane. Ka ba ta kaurin santimita 40 tun daga gindi har kai, ka jera mata rodi mai lamba 16 daga ƙasa har sama. Na san wannan kaurin, ni ma na zana irinsa ina sabon shiga. Tsoro ne ke zana shi. Mutum bai san ƙasar wurin ba, bai san ruwan wurin ba, sai ya ce bari in lafta siminti, kome ya zo ta ɗauka. Ba na ganin laifin matashin da ke tsoron katanga, wanda ba ya tsoronta shi nake gudu. Sai dai siminti ba ya maganin abin da ba a sani ba, tsada kawai yake ƙara masa.

Bari in ba ka wani labari da ban cika son bayarwa ba. A shekaruna na farko a aiki aka danƙa mini wata katanga a bayan wata makaranta da ke gindin tudu. Na yi mata kauri har leburori suna tsokanata wai ganuwa nake ginawa. Akwai wani dattijon birkila a wurin, ya girmi kakanka, ya tambaye ni a ina za a bar rariya. Na ce masa babu ita a zane, ƙarfin kankaren ya wadatar. Ya dube ni, ya ce, "To, injiniya," ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Aka cike bayan katangar da jar lakar da aka haƙo a wurin, don ita ce a kusa kuma ba ta kuɗi ba ce. Damina ta farko ta wuce lafiya, har na fara jin kaina. A ta biyu, cikin watan Agusta, aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da asuba aka aiko yaro a keke ya kira ni. Na tarar katangar ta kwanta ruf da ciki a filin wasan yara, ɗungurungum, gindinta a sama, rodinta ƙalau, ko tsagewar kirki ba ta yi ba, lakar bayanta tana malala kamar kunu. Allah ya rufa asiri ana hutu. Dattijon nan ya zo ya tsaya gefena, hannunsa goye a baya. Bai ce ya faɗa mini ba. Cewa ya yi, "Ƙasa ka gina wa, ruwa kuwa ba ka bar masa ƙofa ba."

Ran nan na koma gida na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko, kai ma ɗauko biro ka yi shi da katangarka. Ƙa'idar tsohuwa ce, Coulomb na Faransa ya shimfiɗa ta a 1776, Rankine ya zo da tasa a 1857, duk kun karanta su. In ka ga tipa ta juye yashi, za ka ga tulin ya tsaya da kansa kamar tsibin gero a masussuka, ba ya bajewa gaba ɗaya. Wannan riƙon da ƙwayoyin ƙasa ke yi wa juna shi ne taimakon da ƙasa ke yi maka. A ƙasa mai yashi da kusurwar tulinta ta kai digiri 30, kashi ɗaya cikin uku kacal na nauyinta ke komawa turi a jikin katanga. In nauyin ƙasar tan 1.8 ne a kowace kubik mita, katanga mai tsayin mita 3 tana ɗaukar turin tan 2.7 a kowace mita ta tsawonta. To ka bar ruwa ya taru a bayanta ya cika ƙasar har sama. Shi ruwa ba ya riƙe kansa ko kaɗan, duk nauyinsa yake turawa. Nasa turin kaɗai tan 4.5 ne, ka haɗa da na ƙasar da ta jiƙe wajen tan 1.5, ka ga an tashi tan 6. Katangar tana nan yadda take, ƙasar ma ita ce dai, amma kayan da aka ɗora mata ya ninka har da ɗoriya.

Saboda haka kana da zaɓi biyu: ka gina katangar da za ta ɗauki tan 6, ko ka ba ruwa hanya ka gina ta tan 2.7. Kuɗin hanyar ruwan ba ya ko kusa da kuɗin simintin da zai maye gurbinta. A bar rariya a jikin katangar, bututu mai faɗin santimita 7 zuwa 10, kowace mita ɗaya da rabi ko biyu, kaɗan sama da ƙasar gaba, a ɗan sunkuyar da bakinta waje. A jera tsakuwa wankakkiya a bayan katangar, kaurin kamu ɗaya ko kusa da haka, tun daga gindi har kusa da sama. Tsakanin tsakuwar da ƙasar tudu a shimfiɗa ƙyallen nan na roba mai tace ruwa, don kada laka ta shiga ta toshe ta. A gindi a kwantar da bututu mai huji-huji wanda zai kwashe ruwan ya kai shi kwalbati. A can sama kuma a rufe da ƙasa mai danƙo a daɓe ta, a yi ɗan lambatu da zai kama ruwan tudu kafin ya iso. Ka yi wa hanyar ruwan yalwa fiye da yadda muka yi a zamaninmu, domin duk ɗumin digiri ɗaya da iska ta ƙara, danshin da take iya ɗauka na ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari, in ta tashi sauke shi kuwa a lokaci ɗaya take saukewa.

Wani abu da littafi ba zai gaya maka ba: rariya tana toshewa. Yara suna cusa mata leda, zanzaro yana gini a ciki, wani maigidan ma da kansa zai sa a liƙe ta da siminti wai tana ɓata masa fenti. Don haka ko ka yi hanyar ruwa, ka sake gwada lissafin kamar ruwan ya taru zuwa wani tsayi, ka tabbatar katangar ba za ta kife ba ko da ta jigata. Kuma ranar miƙa aiki ka kama hannun mai wurin ka kai shi gaban rariyar ka nuna masa amfaninta, da Hausa, ba da Turancin rahoto ba.

Abin da aka cike bayan katanga da shi, shi ma kuɗi ne a ɓoye. Tsakuwa da burji mai kyau, masu kusurwa wajen digiri 35, turinsu bai wuce kashi 27 cikin ɗari na nauyinsu ba. Laka mai kusurwar digiri 20 kuwa tana tura kusan rabin nauyinta, ga riƙe ruwa, ga kumbura da damina ta tsattsage da rani. In baƙar ƙasar nan ce mai danƙo irin ta fadama ko firgin Borno, kada ka yarda ta kusanci bayan katangarka ko kyauta aka ba ka. A zanenka na ga ka rubuta digiri 25, na kuma san ba gwaji ne ya ba ka ba, zato ne irin na mai taka-tsantsan. Je ka haƙa ramin gwaji. Ɗebi ƙasar ka jiƙa ta, ka murza a tafin hannunka: in ta miƙe siririya kamar taliya ba ta karye ba, laka ce, in ta wargaje, yashi ya fi yawa. Sannan ka kai ta ɗakin gwaji su ba ka lambar gaskiya. Kuɗin gwajin ba zai kai kuɗin simintin da zato ke cinyewa ba.

Maganar kabon kuwa, ba zan ɓoye maka ba, da na fara jin ta na ɗauka iyayin Turawa ne. A zamaninmu ba a tambayar mu wannan. Da na zauna na duba sai na ga lissafi ne mai tushe. Siminti daga farar ƙasa ake yin sa, a gasa ta a tanderu mai zafin da ya kai wajen digiri 1,450. Duk tan ɗaya na farar ƙasa da aka ƙona, kilo 440 nasa yana fita ne a matsayin iskar kabon, kuma wannan daga jikin dutsen kansa yake fita, ko da me aka hura wutar. Sai a ƙara da hayaƙin gawayi ko gas da ya hura tanderun. Fiye da rabin abin da masana'antar siminti ke fitarwa na dutsen ne, sauran na wuta. In aka tara na duniya duka, siminti kaɗai yana da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki. Ƙarfe kuma, a matsakaicin lissafin duniya, kowane tan ɗaya yana tafe da kusan tan 2 na iskar. Buhun da aka loda a Kalambaina ko Ashaka ko Obajana ko Malbaza, kafin ya iso hannunka ya riga ya bar hayaƙinsa a can, ga na tirelar da ta kawo shi. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, a aikin katanga abin da ke cin kuɗi shi ne dai ke fitar da hayaƙin, wato siminti da rodi da man dizal. Maigidanka da masu ba da kuɗi abu ɗaya suke nema a wurinka, kowa da sunan da yake kiransa.

Kafin ka taɓa kauri, tambayi kanka ko dole ne tsayin ya kai mita 3. Tsayi shi ne uban tsada. In ka ninka shi biyu, turin ƙasa ya ninka huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da katangar kuma ya ninka takwas. Juya maganar ta ɗaya gefen: katanga biyu masu mita ɗaya da rabi-rabi, in ka haɗa ƙarfin kifarwar da ke kansu, rubu'in na guda ɗaya mai mita 3 ne. Sharaɗin shi ne a ja ta saman baya sosai, kamar ninki biyu na tsayin ta ƙasan, don kada ta zame mata kaya a ka. In filin ya ba da dama, a kwantar da saman gangaren a dasa masa jema ko gamba, saiwarsu ta riƙe shi, katangar ta tsaya a mita 2. Mita ɗayan nan da ka sauke ta rage ƙarfin kifarwa da fiye da kashi biyu cikin uku, muddin gangaren da ka bari a sama ka sa shi cikin lissafi.

Wannan dabara ba mu muka fara ta ba. A Sukur, can kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma a gangaren dutse. Sun yanka gangaren hawa-hawa, kowane hawa da 'yar katangarsa ta duwatsu da aka jera ba siminti, ruwa ya bi ta tsakaninsu ya wuce, ƙasa ta tsaya. A 1999 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko daga Najeriya. Ba su san sunan Rankine ba, amma sun gajarta tsayi sun kuma ba ruwa hanya, abu biyun da ni mai takardar shaida na kasa yi a bayan makarantar nan.

Daga nan sai ka duba abin da ke kusa da wurin. In akwai dutse a nan kurkusa, me ya sa kankare da rodi ne kaɗai suka zo maka a rai? Katangar dutse mai faɗin gindi, wadda nauyinta ke tsayar da ita, ba ta bukatar rodi, simintin da take ci na ɗaurin duwatsu ne kawai, kuɗinta kuma yawancinsa aljihun masu fasa dutse da magina yake shiga. Akwai kuma kwandunan waya da ake cikawa da duwatsu a jera su kamar bulo, waɗanda aka fara amfani da irinsu na zamani a gaɓar wani kogi a Italiya tun ƙarshen ƙarni na 19. Ba su cin siminti ko buhu ɗaya, ruwa yana ratsa su, in ƙasa ta ɗan motsa sai su lanƙwasa su bi ta maimakon su tsage. A aikin raya karkara na Keita a jihar Tawa ta Nijar, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, da jerin duwatsu da irin waɗannan kwanduna aka tare kwazazzabai da yawa, kuma mutanen ƙauyuka, galibi mata, su suka yi aikin da hannunsu. Ga bakin kwari, ni dai ban ga abin da ya fi su ba. Amma suna da nasu ciwon. Wayar dole ta zama mai rufin da ke hana tsatsa, in ruwan wurin na kwata ne a sami mai rigar roba. Cikin gari kuma ka tuna da 'yan jari-bola, waya a sarari jaraba ce. Sannan in dutsen sai an ɗauko shi daga nisan duniya, dizal ya cinye ribar ta kuɗi da ta hayaƙi gaba ɗaya. Ka auna nisan da mota kafin ka yanke shawara.

Akwai kuma dabarar Henri Vidal, injiniyan Faransa, ta farkon shekarun 1960: a riƙa daɓe ƙasa hawa-hawa ana shimfiɗa ɗamarar ƙarfe ko ragar roba a tsakani, ƙasar da kanta ta zama katanga, fuskar kawai a rufe da siraran faifan kankare. Ita kake gani a mahawan gadojin sama da yawa. In tsayi ya yi yawa tana da sauƙin kuɗi ƙwarai, sai dai tana son fili a baya, tsawon ɗamarar wajen kashi 70 cikin ɗari na tsayin katangar, da ƙasar cike mai kyau. A wurinka da za a yanki tudu, mai yiwuwa haƙan ya yi yawa. Na ambata ne don ka san tana nan.

In duk ka auna ka ga kankare da rodin ne dai, to mu dawo kan zanenka. Irin wannan katanga kamar ƙafar mutum take: ga ƙwauri a tsaye, ga yatsu a gaba, ga diddige ya shige ƙarƙashin tudu. Hikimarta ita ce ƙasar da ke son ture ta ita ce kuma ke taka mata diddige ta danne ta. Nauyin ƙasa kyauta ne, nauyin kankare na kuɗi ne, don haka tsawaita diddige ya fi ƙara kauri riba. Faɗin tafin gaba ɗaya yakan kama daga rabin tsayi zuwa kashi 70 cikin ɗari nasa. In lissafi ya nuna za ta zame, kafin ka faɗaɗa tafin duka gwada ɗan haƙori a ƙarƙashinsa wanda zai cije ƙasa.

Ƙwaurin kuma ba ko'ina yake shan wahala ɗaya ba. A gindi ne lanƙwasa ta fi tsanani. In ka hau rabin tsayi, abin da ya rage kashi ɗaya cikin takwas ne. To me santimita 40 da rodi mai lamba 16 ke yi a can sama? Dubi kuka, gindi ne mai kauri. Na gwada da alƙalami: in gwajin ƙasa ya fito da kyau kuma ka yi hanyar ruwa, santimita 30 a gindi da 20 a kai za su iya wadatarwa, kai ne za ka tabbatar. Wannan kaɗai ya sauke kankaren ƙwaurin daga kubik mita 120 zuwa 75 a faɗin aikin. Ragin mita 45 ɗin nan, a kan buhu shida zuwa bakwai kowace mita, kusan buhu 300 ke nan, rabin lodin tirela, tan 15 na siminti, wajen tan 10 na iskar kabon. Rodin ma ka yanke rabinsa a inda aikinsa ya ƙare, ka bar masa tsawon kamu yadda ƙa'ida ta ce, sauran su wuce sama. Sai dai kada zumuɗi ya ɗebe ka: in ka sirance kankare da yawa, rodi zai ƙaru, rodi kuwa ya fi tsada ya fi hayaƙi a kowane kilo. Akwai tsaka-tsakin da ya fi kowanne, shi ake nema.

A nan ne kwamfutarka za ta yi maka rana. Mu a da sau biyu ko uku muke gwada zane mu gaji mu tsaya a kan wanda ya wuce. Kai kana iya sa ta gwada dubbai, tana sauya kauri da faɗi da rodi, ta zaɓo mafi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharaɗi. Masu bincike a jami'ar fasaha ta Balensiya a Sifen, su Víctor Yepes, sun yi irin wannan a kan katangun tare ƙasa, suka tarar zanen da ya fi araha da wanda ya fi ƙarancin kabon kusan a wuri ɗaya suke faɗawa. Ka yi amfani da ita, amma ka sani ba ta taɓa taka wurin ba. Ba ta san tipa za ta riƙa juyawa a saman tudun ba, ba ta san wani zai ɗora bene a can bayan shekara biyar ba, ba ta san ranar da za a zo a haƙa lambatu a gaban yatsun katangar a kwashe ƙasar da ke tokare da ita ba. Waɗannan kai za ka gaya mata. Kuma rarar aminci da ƙa'ida ta gindaya, ninki ɗaya da rabi a kan zamewa, ninki biyu a kan kifewa kamar yadda muka saba, ba a cikinta ake neman ragi ba.

Ta wajen siminti ma akwai abin yi. Kada ka rubuta kankare mai ƙarfin 40 inda na 30 ya isa don kawai lambar ta fi cika ido. Simintin da aka gauraya da garin farar ƙasa, irin wanda ya cika kasuwarmu, ya fi tsantsa ƙarancin hayaƙi. Masana a Suwizalan tare da abokan aikinsu na Kyuba da Indiya sun fito da wani da ake haɗawa da gasasshen yumɓu, wanda zafin wajen digiri 800 ya ishe shi, yana rage hayaƙin har zuwa kusan kashi 40 cikin ɗari. Yumɓu kuwa Allah ya hore mana. Tokar ɓuntun shinkafa ma, da ke jibge a bayan injinan casa, tana iya maye wani kaso na siminti in an ƙona ta yadda ya dace an niƙa ta da laushi. Amma kada ka ɗebo toka a juji ka zuba a katangar mutane da sunan kare muhalli. Abin da ɗakin gwaji bai tabbatar ba, ba ya shiga aikinka.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce sai na rubuto maka da kaina. Tattali daban, ha'inci daban, kuma a bakin aiki kamanninsu ɗaya ga wanda bai sani ba. Tattali a kan takarda ake yin sa, da lissafi, da sa hannunka a ƙasa. Ha'inci a wurin kwaɓi ake yin sa, bayan ka juya baya. Ran da ɗan kwangila ya ji ka rage buhu 300, zuciyarsa za ta raya masa ai shi ma zai iya rage hamsin. Katanga mai kaurin banza tana haɗiye irin wannan cuta ta yi shiru, wadda aka auna daidai kuwa ba ta da wurin ɓoye ta. Ma'ana, duk abin da ka rage a siminti sai ka biya shi da tsayuwa a rana.

Ka tsaya a kan rodi da idonka. A ƙwauri, manyan rodin a gefen ƙasa suke zama, can bayan katanga, domin nan ne ke miƙewa in ta lanƙwasa. Na taɓa isa wani aiki na tarar an ɗaure su a gefen waje tsaf-tsaf, kafinta har ya fara rufe katako, mai ɗaurin yana ce mini ai nan ne fuska. A sa biskit na kankare a tsakanin rodi da katako, tazarar santimita 5, kada a tokare da tsakuwa ko guntun bulo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsatsa ma haka take. Rodinmu da yawa daga narkakken tsohon ƙarfe ake yin sa, wannan kuwa alheri ne ta fuskar hayaƙi, amma ka ɗora shi a sikeli. Mai lamba 12 mai tsawon mita 12 ya kamata ya yi kilo 10.7, mita ɗaya ta mai lamba 16 kuma kilo 1.58. In ya gaza sosai, an shafe shi, mayar musu da kayansu. Ka kuma aika da guntaye a ja su a ɗakin gwaji.

Ka hana leburori ƙara ruwa a kwaɓi. Sun fi son sa ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, ba mugunta ba ce, gajiya ce, amma kowane bokiti na ƙari yana rage ƙarfin simintin da ka saya da tsada. Bayan an zuba, a shayar da kankaren aƙalla kwana bakwai, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, balle in da hunturu ne ko bazara. Kada a cike bayan katanga tana ɗanya don ana sauri. A kan ƙarfin kwana 28 ka yi lissafinka. In an zo cikewa, a zuba kaɗan-kaɗan, kamar taƙi ɗaya, a daɓe, a ƙara, yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki, kuma da ƙaramin inji a kusa da katangar, kada a hau da babbar rola. In maƙwabci ya ga aikinka ya ce shi ma zai tare tasa ƙasar da bulo mai inci tara, ka gaya masa gaskiya ko ba zai ji daɗi ba: bulon shinge iska aka yi shi ya tare.

Katangar makarantar nan sau biyu aka gina ta, sau biyu aka sayi siminti, sau biyu tanderu ya ci wuta dominta, ban da kuɗin fasa ta farkon da kwashe ta. Ta biyun ba ta kai ta farkon kauri ba, dattijon nan ne ya jera mata tsakuwa da hannunsa, kuma da na bi ta garin shekarun baya na ga tana nan, rariyoyinta sun yi kore da gansakuka.

Don haka kada ka taɓa zanen tukuna. Ranar Asabar ka ɗauki lebura biyu da diga da shebur, ku haƙa rami uku a layin katangar, ɗaya a kowane ƙarshe ɗaya a tsakiya, ku wuce zurfin da tafin zai zauna. Ka nemi tsofaffin unguwar ka gaishe su, ka tambaye su ta inda ruwa ke bi in an yi mamako, da inda ƙasa ke daɗewa ba ta bushe ba bayan damina. Ka auna nisan wurin fasa dutse mafi kusa. Ƙasar kowane rami ka zuba ta a leda daban ka rubuta zurfinta, rabi ka kai ɗakin gwaji, rabi ka taho mini da shi in murza da hannuna. Zanen kuma ka bugo shi a babbar takarda yadda zan iya gani. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da mai ɗakinka, ina sa ranka ranar Lahadi bayan azahar in Allah ya kai mu.

Baffanka.